Bayan Takardar da Ban Juya Ba

A shekarar da aka faɗaɗa titin unguwarmu a Kurmin Mashi, har aka sare dalbejiyar da muke zama a gindinta bayan la'asar, a shekarar ne na karya ƙashina wajen yin alkafura. Ina da shekara arba'in da tara a lokacin. Wannan labari da hannuna na rubuta shi, cikin kwana goma sha ɗaya, Malama Rabi ta gyara mini inda na yi kure. Na rubuta ne domin wani magidanci ya karanta ya tsira da kafaɗarsa.

Sunana Haruna. Katifa nake sayarwa a Babbar Kasuwar Kaduna. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba. Ina yaro allo na yi, ban yi boko ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya da ake yi Asabar da Lahadi, kuma dalilin shigata shi ne autata Safiya, 'yar aji huɗu. Duk ƙarshen zangon karatu ana ba ta katin sakamako, a ƙasansa akwai wurin da uba ke sa hannu. Ni kuwa sai in goga tawadar biro a babban yatsa in dangwala. Matata Hajara ce ta gaya mini cewa yaran ajin suna kiran Safiya 'yar mai dangwale, kuma idan za ta miƙa katin, tafin hannu take sawa ta rufe wurin. Yarinyar ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Na kira ta na ce mata katin zango mai zuwa da biro zan sa masa hannu, sunana cikakke, in Allah ya yarda. Wata biyar ina koyo, na kai inda zan rubuta Haruna Idi ba tare da na duba allo ba.

Malama Rabi, mai koyar da mu, tana da doka guda a aji: ba a juya shafi sai an ƙware a wanda ake kai. Mu manya muna da ɗabi'ar leƙa gaba mu ga ko akwai hoto, shi ya sa ta kafa dokar. A duk ajin ba wanda ya kai ni kiyaye ta.

Saura mako bakwai a ba da hutu, Safiya ta dawo gida fuska a ɗaure. Malamin motsa jiki ya ce kowane ɗalibi sai ya yi alkafura guda kafin ƙarshen zango, kuma akwai maki a kanta. Kowa ya fara yi, ita ta kasa, da ta sunkuya sai tsoro ya kama ta. Malamin ya raba musu takarda da ya rubuta da Hausa, don iyaye su taimaka a gida. Na karɓa da murna, domin ita ce takarda ta farko da aka aiko daga makaranta da ban kai wa maƙwabci ya karanta mini ba. Layi uku ne da manyan baƙaƙe. Na ɗaya, ka tsuguna. Na biyu, ka dafa ƙasa da tafin hannu biyu. Na uku, ka ɗaga ƙugu ka tura da ƙafa. Kwana uku ina bitarsu a shago har na iya karantawa ba gargada.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kan siminti. Na cire hula, na naɗe ƙafar wando. Hajara tana wanki a gefe.

"Malam, me za a yi?"

"Zan nuna wa yarinya alkafura."

"Da tumbin?"

"Tumbin ma nauyi ne, shi zai taimaka wajen juyawa."

Safiya tana riƙe da takardar. Ta ce, "Baba, akwai saura a baya."

Na ce, "Malama ta ce ba a juya shafi sai an ƙware a na gaba. Matsa ki ga yadda ake yi."

Na tsuguna. Na dafa. Na ɗaga kai ina kallon Safiya don in tabbatar tana lura, sannan na tura da ƙafa da duk ƙarfina. Tsakiyar kaina ta daki ƙasa, ƙafafuna suka tashi sama suka tsaya can kamar suna shawara, daga nan gaba ɗayana na zube ta ɓangaren dama. Na ji wani abu ya ce ƙas, irin ƙarar karan dawa idan an taka shi. Ina kwance ina kallon sama, na ga igiyar shanya da wandona na Juma'a a kai. Safiya ta fashe da kuka. Hajara ta yi salati ta taso, kumfa har gwiwar hannu, amma na lura kafaɗunta suna rawa, kuma ba rawar kuka ba ce.

Mako na farko na ce targaɗe ne. Hajara ta gasa mini da ruwan zafi, ta shafa man zafi har idona yana hawaye. Wurin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya kumbura ya yi baƙi. Hannun dama ba ya ɗaguwa, ko cokali. Riga sai an sa mini, kwanciya sai a jingine, tari kuwa sai na yi shiri kafin in yi shi. Na ɗauki biro don in gwada, yatsu sun riƙe, amma da na ja layin farko na H sai zafi ya soke ni har cikin kunne.

Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake yi faɗuwa na yi, kuma ba ƙarya ba ne. Yayana Sale, wanda shagonsa na bargo ke kusa da nawa, shi ya ƙara wa maganar gishiri don ya rufa mini asiri. Ya gaya wa 'yan kasuwa wai daga saman tarin katifu na faɗo ina sauke wa wani Alhaji kaya. Hajara kuwa ta gaya wa matan unguwa gaskiya tun ranar. Haka aka zauna, maza suna da labarinsu, mata suna da nasu. Namiji ya zo dubiya ya ce, "Sannu, neman halak ke nan." Matarsa ta shigo bayansa ta ce, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba," tana danne baki da gefen mayafi.

Mako na biyu Yaya Sale ya kawo mai ɗori. Ba zan ci mutuncin mutumin ba, domin shi ya ɗora ƙafar ɗan Yaya shekarun baya, kuma yaron yana buga ƙwallo har yau. Ya latsa wurin ya ce gocewa ce, sai an ja an mayar. Yaya ya danne ni, mai ɗorin ya kama hannun ya ja. Ihun da na yi, mai shayin bakin titi ya ce ya ji. Ya ɗaure ni da kara da tsumma, ya tofa addu'a, ya ce a ba shi zakara, kuma kada in kusanci miyar yauƙi har sai ƙashi ya kama. Zakara ɗaya ne a gidan, ja, na Hajara, wanda take ajiye da shi don salla. Ta miƙa shi tana kallona. Ni kuma duk duniya ba miyar da nake so kamar kuɓewa ɗanya.

Shawara kuwa ta zo kamar ruwan Agusta. Goggona ta aiko daga Kinkinau cewa in riƙa shan romon ƙafar sa safe da yamma. Wani ya ce man kaɗanya da citta. Wani ya ce tsakar gidan ne ba lafiya, a yi hayaƙi, domin babban mutum ba ya kifewa haka kawai sai an tura shi. Na gode musu duka, tsakani da Allah, don wanda bai damu da kai ba ba zai tako ba. Sai dai romon da ake dafa mini, masu dubiya ne suka shanye fiye da rabi, tunda ba a ci a gaban baƙo ba a ce bismilla ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa alhamdu lillahi.

Da aka shiga mako na uku yatsuna suka fara yin sanyi suna tsira-tsira kamar ana soka allura. Hajara ta kwance ɗaurin da kanta ta ce, "Malam, gobe asibiti. In Yaya ya yi magana, ka ce ni ce."

Muka isa bayan sallar asuba muna ganin mun yi sammako, sai muka tarar benci ya cika, wasu ma takalmi suka ajiye a layi suka tafi shan koko. A wurin yankar kati aka turo mini wata takarda da ɗan akwatin tawada. Ma'aikacin bai ko ɗago ba.

"Baba, dangwala nan."

"Na iya rubuta sunana."

"To, ga biro."

Na kalli biron, na kalli hannuna da ke rataye kamar ba nawa ba. Mutanen baya suka fara cewa a yi sauri. Na miƙa babban yatsan hagu na dangwala. A duk jinyar nan, har da jan mai ɗori, ba abin da ya yi mini ciwo kamar wannan. Hajara ta ciro gefen zaninta ta goge mini yatsan, ba ta yi dariya ba.

Sai wajen azahar muka ga likita, yaro matashi mai gilashi.

"Baba, me ya same ka?"

"Faɗuwa na yi."

"Daga ina?"

"Daga ƙasa."

Ya ɗago. "Daga ƙasa zuwa ina?"

Hajara ta ce, "Likita, alkafura ya yi."

Likita ya ajiye biro ya kalli silin na ɗan lokaci. Nas ɗin da ke tsaye ta ce za ta ɗauko wani abu, ta fita da sauri. Ya tura mu ɗaukar hoton ƙashi, muka tarar ba wuta, aka ce mu dawo gobe. Washegari akwai wuta amma layin ya kai bakin ƙofa. Da hoton ya fito, likita ya ɗaga shi a taga ya nuna mini ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, ya karye a tsakiya, bakin karayar ya ɗan hau kan juna. Ya ce sunansa kilabikul. Na roƙe shi ya rubuta mini a bayan kati, ya rubuta, har yau ina da shi. Ya tambaya wa ya ja hannun. Na ce wani ne. Ya ce, "Ƙashin nan ba ja yake so ba, so yake a ƙyale shi. Da kun zo ranar farko da yanzu kun yi nisa." Ya rataye mini hannun a wuya da wani farin ƙyalle, ya ce mako shida.

Na lissafa a zuci. Saura mako huɗu da 'yan kwanaki a ba da kati. Na ce, "Likita, ina da sa hannu a ƙarshen wata." Ya zaci kwangila ce. Da na yi masa bayani bai yi dariya ba. Ya ce bayan mako huɗu, in na ɗora gwiwar hannu a kan tebur, yatsu kaɗai suna motsi, zan iya rubuta layi ɗaya. "Layi ɗaya fa, Baba, ba wasiƙa ba." Na tambaye shi batun kuɓewa. Ya ce in sha har da ƙari. Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Mako na huɗu na zauna a gida, Yaya yana duba mini shago, kuma ya kyauta, ko da yake ya yi kwana biyu yana fushi a kan maganar asibiti. Na gwada rubutu da hagu, abin ya fito kamar kaza ta bi ta kan tawada. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Safiya ta daina yi mini surutu. Ta kawo mini ruwa ta ajiye ta fita. Hajara ta ce a makaranta ko layin alkafura ba ta shiga, ta ce wa malamin wai babanta ya yi ya karye. Wato na tashi cire mata tsoro, na ninka mata shi. Kuma tana ganin ita ta jawo mini.

Ran Lahadi Malama Rabi ta zo dubiya da 'yan ajinmu uku. Ta ce in ba ta labarin yadda abin ya faru, ba na kasuwa ba, na gaskiya. Na ba ta, har da inda na ambaci dokarta. Ta ce a kawo takardar. Safiya ta ɗauko ta daga cikin jaka.

"Malam Haruna, ka ƙware a shafin gaba?"

"Na ƙware, Malama. Har na aikata."

"To, juya."

Na juya da hannun hagu. Layi uku ne su ma. Na bi su da yatsa a hankali, a gaban kowa. Na huɗu, ka sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji. Na biyar, kada tsakiyar kai ta taɓa ƙasa, bayan kafaɗu ne ke sauka, ka dunƙule kamar ƙwallo. Na shida ya fi tsawo, na daɗe a kansa, kuma da na gane abin da yake cewa na so a ce ban iya karatu ba. Kada a yi a kan siminti ko tabarma. A nemi katifa.

Wani ɗan ajinmu, tsohon direba, ya yi dariya har ya sauko daga kujera. "Katifa! Haruna, da ka yi magana ai da mun yi maka karo-karo mun saya maka guda!" Malama ta yi ƙoƙari ta riƙe fuska. Ta ce, "Na ce kada ku juya shafi sai kun iya karanta shi. Ban ce ku aikata rabin magana ba." Tun daga ranar ta sauya dokar. Yanzu in ta ba da takarda sai ta ce a fara duba inda ta ƙare.

Washegari na aika wa Yaya ya ɗoro mini katifa mai kauri a keke, daga cikin sababbi. Ya kira ni a waya ya ce in na cire ledar ba mai sayenta a matsayin sabuwa. Na ce na sani, shekara ashirin ina gaya wa mutane haka. Na sa aka farke ledar aka shimfiɗa a tsakar gida. Safiya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi matsowa. Na karanta mata layi shidan daga farko har ƙarshe, na ce, "Kin ce mini akwai saura a baya, na ƙi ji. Laifina ne, ba naki ba, ba na alkafura ba." Ta ce, "Baba, in na karye fa?"

Sai Hajara ta ajiye tsintsiya. Ta je ta sa sakata a ƙofar gida, ta shiga ɗaki ta sa wando a ƙarƙashin zani, ta fito ta ɗaure ɗankwali tamau. Ta tsuguna a bakin katifa, ta manna haɓa a ƙirji, ta mirgina sumul, ta miƙe tsaye a ɗaya gefen tana gyara zani. Mace mai 'ya'ya biyar.

Na ce, "Hajara! Dama kin iya?"

"Mun yi ta a kan buhunan gyaɗa a gidanmu."

"Kin san maganar haɓa?"

"Kowa ya sani."

"Me ya hana ki faɗa mini ranar?"

"Ka tambaye ni? Kai da ke da takarda."

Safiya ta yi dariya, karo na farko tun ranar da na faɗi. Na ninke hulata na sa mata a ƙarƙashin haɓa, na ce in hular ta faɗi ba a tura ƙafa. Uwar ta riƙe mata ƙugu, ni ina zaune a kujera ina kiran layi ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko ta kife gefe sau huɗu. Rana ta uku ta juya da taimako. A mako na shida tana yi ita kaɗai, har ta fara damunmu, ba a wucewa ta tsakar gida sai an duba ko tana tahowa. Hular dai ta mutu, ba ta ƙara zama a kai ba.

Ni kuma kumburi ya saɓe, zafi ya koma sai in na manta na miƙa hannu. Na koma asibiti sau ɗaya, likita ya latsa ya ce ƙashi ya fara kamawa, amma zai bar ɗan ƙulli, ba zai ɓace ba. Ya tuna mini, layi ɗaya.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai Safiya ta shigo da kati. A layin motsa jiki malamin ya rubuta ta yi ƙoƙari sosai, ni na karanta da kaina. Hajara ta jawo teburin keken ɗinkinta, ta sa filo a ƙarƙashin gwiwar hannuna. Mako shida ban riƙe biro da dama ba. H ta fito a karkace. A tsakiyar suna zafi ya taso, na tsaya na huta, Safiya tana tsaye ko numfashi ba ta yi. Da na zo Idi wurin ya ƙare, sai da harafin ƙarshe ya hau kan layin shugaban makaranta. Ba kyau. Amma duk wanda ya iya karatu zai karanta shi.

Washegari na leƙa ta ƙofa lokacin da za ta tafi. Ba ta sa katin a jaka ba. A hannu ta riƙe shi, a buɗe, wurin sa hannun yana kallon titi.

Abin da na rasa a jinyar nan: mako tara ban buɗe shago da kaina ba. Darasi goma sha huɗu na ajin manya. Zakara ja guda ɗaya, wanda har yau ake ambatonsa a gidan nan. Katifa ɗaya mai kauri. Hula ɗaya. Kwana tara ba kuɓewa. Kafaɗar dama da ba ta ƙara ɗaukar katifa zuwa saman tari ba. Sai kuma sunana a kasuwa, domin labarin mata ya ci na maza, yanzu in ka shigo layinmu ka tambayi Haruna mai katifa za a ce maka wanne, in ka ce Haruna Alkafura yaro ma zai nuna maka shagon.